Daga Dutsi zuwa Tibiri: ƙaura na canza harajin da mutum ke biya?

Duk shekara in lokacin canjin wurin aiki ya zo, malaman makaranta da ma'aikatan likita na yin wannan tambaya: wanda aka ɗauke daga Dogon Dutsi aka kai Tibiri, ko daga jahar Dosso zuwa Tahoua, abin da ake cire masa a albashi zai canza?

Ba zai canza ba. Harajin albashi, wanda ake kira ITS, na gwamnatin ƙasa ne, kuma hukumar haraji ta DGI ke kula da shi. Tun kafin kuɗi su shigo hannu ake cire shi, da ma'auni guda daga Gaya har Bilma. Girman albashi da yawan iyalin da ke wuyan mutum su ne ke ɗaga shi ko su rage shi. Saboda haka ma'aikacin da aka yi wa haihuwa bai kai takardar jaririn ba ya fi wanda aka canza wa gari asara.

Tambayar ba ta banza ba ce, don ƙetaren iyaka abin daban yake. A Nijeriya jihar da mutum ke zaune ita ke karɓar harajin albashinsa, wanda ya bar Kebbi ya koma Sakkwato ya canza mai karɓa ke nan. A Kanada ma kowane lardi da nasa ma'auni, kuma inda mutum yake zaune ran 31 ga Disamba nan zai biya na shekarar duka.

A nan gida, inda ƙaura ke da tasiri shi ne lamho, kuɗin kai da ke shiga asusun komin. Tun 2011 da aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi aka mai da ita gunduma, tare da Guéchémé, Douméga da Koré Maïroua, wasu ke zaton lamhonsu ya bi sabuwar gunduma. Gunduma ba ta karɓar lamho. Komin ke da shi, maigari ko mai unguwa ke tarawa, kuma suna bin sunayen da ke cikin takardar iyali ne.

Nan rikicin yake. Mutumin Matankari da ya tare a Koré Maïroua shekara biyar, in bai sa an cire sunansa can ba, maigarinsa zai ci gaba da nemansa, galibi wani wa ko ƙane ya biya masa don kauce wa kunya. Ran da aka yi ƙidaya a sabon wurin aka rubuta shi, ya zama mai biya biyu. Wasu da gangan suke barin sunan a garin haihuwa, don suna ganin shi ke riƙe musu gonar gado. Ana iya fahimtarsu, amma komin da ke share musu kasuwa ba ta ganin ko dala.

Wanda ya tare da gaske, ya je ma'aikatar magajin garin da ya baro da rasit na shekarar, a cire shi, sannan ya rubuta kansa a inda ya sauka. Rusa majalisun komin da aka yi a Afrilun 2024 bai dakatar da wannan aiki ba, jagororin da aka naɗa ke sa hannu. Ɗan kasuwa kuma ya sanar da ofishin haraji in ya ɗauke shago, don fatanti wurin sana'a yake bi.