Allon Sanarwa Ya Cika: Wane Taro Ne Na Dole, Wanne Ne Na Nishaɗi?

Duk wanda ya bi ta gaban allon sanarwa a satin nan ya san karatu ya kankama. Takarda kan takarda, wata ma an liƙa ta a kan 'yar uwarta tun kafin a gama karanta ta farkon. Ga fastar makon al'adu, ga ta 'yan takarar ƙungiya kowa ya ci kwalliya, ga ta gasar ƙwallo tsakanin sassa. Can ƙasa kuma ga wata farar takarda, ba hoto ba kala, ita ce kalandar karatu ta bana. Na daɗe a tsaye ina kallon yadda jama'a ke cincirindo a gaban fastoci suna wuce wannan takardar, sai na tuna ni ma haka na yi ina ND I, kuma na ji jiki.

Yanzu ina HND II, na ga irin waɗannan taruka sun zo sun wuce sau da dama. Shi ya sa na ga ya kamata in yi wa ƙannenmu, da ma wasu tsofaffin, bayanin abubuwan da ke tafe: mene ne kowanne, don me ake yin sa, kuma me mutum zai rasa idan bai je ba. Ranaku da wurare suna cikin kalandar da kuma sanarwar sassa. Ni dai nauyin kowane taro zan faɗa muku, domin ba duka suka zama ɗaya ba.

Bita da rantsuwar sababbin ɗalibai

Abu na farko da ke gaban 'yan ND I da HND I shi ne taron bita, sannan bikin rantsuwa, wanda muke ce wa matirik. Yawanci abin da ake tunawa da shi a matirik shi ne aron riga da hula, ɗaukar hoto, da shinkafar da aka kawo daga gida. Wannan duk daidai ne, ranarku ce. Amma ainihin abin shi ne rantsuwar da za ka ɗauka da takardar da za ka sa wa hannu. Daga ranar ce ka zama cikakken ɗalibi, kuma daga ranar duk dokokin makaranta sun hau kanka, ko ka karanta su ko ba ka karanta ba. A wurin bita ake bayanin hukuncin satar jarrabawa da na shiga ƙungiyar asiri, da yadda ake rijistar kwasa-kwasai, da inda asibiti da laburare suke.

Akwai wani abu da nake so kowane sabon shiga ya duba kafin ya sa rigar nan. Tun 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta tsarin da ake kira CAPS. Ka tabbata ka karɓi gurbinka a can, ka buga takardar shaidar gurbin, kuma sunanka da kos ɗinka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke fayil ɗinka na makaranta. Dalili kuwa, idan ka gama HND, hukumar NYSC tana duba jerin sunayen da ke wurin JAMB kafin ta kira mutum bautar ƙasa. Kuskuren harafi ɗaya da ka raina yau, shi ne zai sa ka yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi bayan shekara biyar, abokanka suna sansani.

Taron bitar SIWES

Nan ne na ci karo da tawa matsalar. A zango na biyu na ND I aka sa taron bitar SIWES, sai ya faɗo rana ɗaya da wasan kusa da na ƙarshe da sashenmu na lantarki zai buga. Na ce wa abokina ya je ya jiyo mana. Da ya dawo ya ce, “Ba komai ba ne, kawai ka samu wurin aiki ka riƙa cike logbuk.” Na yi wata huɗu a wani shagon naɗin moto da gyaran janareto, na koyi aiki sosai, na cike littafina tsaf. Da na dawo aka buɗe shi aka tambaye ni ina sa hannun mai kula da ni na kowane mako, ina kuma hatimin wurin. Babu ko ɗaya. Fom ɗin da ya kamata in miƙa tun farkon zuwana don a san inda nake, shi ma yana cikin jakata, saboda haka malamin da aka tura duba mu bai taɓa zuwa wurina ba. Sau biyu na koma garin da kuɗin motata kafin in sami maigidan shagon, kuma sakamakona bai fito tare da na 'yan ajinmu ba. Tun daga nan na yarda zuwa da kai ya fi aike.

Ga waɗanda ba su sani ba, SIWES shiri ne na koyon aiki a masana'antu wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, ita kanta hukumar an kafa ta a 1971 kuma hedikwatarta na Jos. A foliteknik ana fita ne bayan ND I, na kimanin wata huɗu. Kos ne mai maki kamar sauran, ba hutu ba ne, kuma a sassan da ake yin sa ba a ba mutum ND sai ya ci shi. A taron bitar ne ake raba fom, a nuna yadda ake cike logbuk, a faɗi wanda zai sa hannu da kuma yadda ake rubuta rahoton ƙarshe.

Kada a haɗa shi da aikin shekara guda da ake yi bayan ND, wanda muke kira IT. Wannan shi ne sharaɗin shiga HND a tsarin NBTE, hukumar da ke kula da foliteknik a ƙasar nan tun 1977. 'Yan ND II, ku buɗe kunne: tun 2024 NYSC ta tsaurara neman shaidar wannan shekarar daga masu HND. Wanda ya yi aikin bai karɓi takarda ba, ya koma ya karɓa tun yanzu.

Zaɓen ƙungiya da babban taron ɗalibai

Kowannenmu ya biya kuɗin ƙungiya lokacin rijista, kuma ba wanda aka tambaya ko yana so. To tunda an karɓa, ai haƙƙinka ne ka san inda kuɗin suke zuwa. Kakar zaɓe tana da matakai: sayar da fom, tantance 'yan takara, yaƙin neman zaɓe, daren bayyana manufofi, sannan ranar ƙuri'a. A cikinsu wanda ya fi amfani shi ne daren manufofi, amma shi muka mayar wurin ihu da tafi. Ɗan takara zai hau ya yi “Great students!” sau goma, a yi ta sowa, ya sauka bai ce komai ba.

Ku je da tambaya. Ruwa a hostal, hasken hanya da dare, kuɗin a-daidaita-sahu daga bakin get zuwa gari, tsadar abinci a kantina, me zai yi a kai, kuma da wane kuɗi? Shugabannin ƙungiya su ne ke zama da hukumar makaranta a madadinmu idan maganar ƙarin kuɗi ko wa'adin rijista ta taso. Idan muka zaɓi mutum don ɗan garinmu ne, ko don ya raba katin waya, shi ne zai zauna a wannan kujerar ranar da ake yanke abin da zai taɓa aljihun iyayenmu.

Ban da shugabannin zartarwa akwai majalisar wakilai, inda kowane sashe ke da murya, ita ke duba kasafin kuɗi. Akwai kuma babban taro na duk ɗalibai, wanda kowa ke da damar ɗaga hannu. Na halarci irinsa da kujerun ɗakin taro suka fi mutane yawa, amma washegari kowa na ƙorafi a guruf ɗin WhatsApp. Ƙorafin guruf ba ya shiga rubutaccen bayanin taro, kuma abin da aka rubuta shi ake kai wa hukuma.

Makon ɗalibai, al'adu da wasanni

Kada wani ya ɗauka ina hana nishaɗi ne. Wallahi wasu daga cikin ranakun da ba zan manta da su ba a makarantar nan na makon al'adu ne. A ranar za ka ga Bafulatani da sandarsa, Banufe, Bagwari, Tibi da baƙi da farin saƙinsu, Bayarabe da Ibo, kowa ya fito da tufafinsa da abincinsa da rawarsa. Wanda kuka shekara kuna zama benci ɗaya ba ku taɓa gaisawa da kyau ba, a ranar za ka san daga ina ya fito. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gasar wasanni ma ba ta tsaya kan kofin sashe ba. A nan masu horarwa ke hango waɗanda za su wakilci makaranta a NIPOGA, gasar wasannin foliteknik ta ƙasa. Kuma ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba ne, akwai guje-guje, kwando, raga da tenis na tebur, na maza da na mata. Ƙungiyoyin addini irin su MSSN da FCS su ma suna da nasu makon, da wa'azi da kacici-kacici da ziyarar asibiti, haka ƙungiyoyin jihohi da na sassa. Galibinsu suna shirya darasin bita kyauta kafin jarrabawa, wanda ni dai shi ya cece ni a lissafin ND I.

Gargaɗina ɗaya ne. Sai dai idan hukuma ta ba da sanarwar hutun lacca a rubuce, lacca tana nan a makon ɗalibai, kuma malami na iya yin tes a ranar da ake rawa. Ƙa'idar halartar aji kashi 75 cikin ɗari ba ta san makon al'adu ba. Makin tes da asaimen kuwa shi ke ɗaga mutum ko ya kayar da shi tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Ku tuna ma'aunin namu: daga 3.50 zuwa 4.00 shi ne Distinction, 3.00 zuwa 3.49 Upper Credit, 2.50 zuwa 2.99 Lower Credit, 2.00 zuwa 2.49 Pass. Tsakanin 2.49 da 2.50 ɗigo ɗaya ne, amma shi ke raba wanda zai nemi HND bayan shekara ɗaya ta IT da wanda za a ce sai ya yi biyu. Tes ɗaya da aka bari saboda ƙwallo ya isa ya ci wannan ɗigon.

Taron dare kuma, a tafi tare a dawo tare, musamman 'yan uwa mata. A san lokacin rufe ƙofar hostal, a riƙe katin shaida, waya a aljihun gaba. Duk shagalin da aka ce a wajen makaranta za a yi, kuma ba a san wanda ya shirya shi ba, ba na ƙungiya ba ne.

Tarukan da ba su da kiɗa

Akwai wasu da ba a buga musu fasta mai kala, amma suna da riba. Baje kolin sana'o'i na cibiyar koyar da dogaro da kai yana cikinsu, inda ɗalibai ke nuna sabulu, takalma, ɗinki, haɗa sola da sauran abin da suka koya. Je ka ga abin da sa'anka ke yi da hannunsa, ka tambayi nawa ya kashe nawa yake sayarwa.

Idan an kira taron wayar da kai kan bashin karatu na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024, ku je ku ji da kunnenku. Ba shi da kuɗin ruwa, kuɗin makaranta ana biyan su kai tsaye ga makaranta, amma fa bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Gara mutum ya fahimci sharuɗɗan kafin ya cike, ba wai ya ji a bakin mai shagon intanet ba.

'Yan ajin ƙarshe kuma muna da kare furojet. Shawarata ga 'yan ND I da HND I, idan sashenku na barin 'yan kallo, ku shiga ku zauna a baya. Za ku ji irin tambayoyin da malamai ke yi, ku ga yadda wanda ya sayi aikin da bai san cikinsa ba yake zufa. Awa biyu a wurin ta fi duk nasihar da za a yi muku baɗi.

Yadda nake tsara nawa

Abin da nake yi ba wuya. Ranar da kalanda ta fito nakan ɗauki hotonta, in kwafe ranakun a bangon littafina. Duk abin da ya shafi rijista, fom, tes, SIWES ko furojet, ina sa masa jan biro, wannan ko ana ruwan sama da ƙanƙara zan je da kaina. Zaɓe da babban taro suna biye. Sauran kuma ina zaɓar biyu ko uku da nake so da gaske, in yi su da zuciya ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. Idan saƙo ya shigo guruf cewa an ɗage wani abu, ba na yarda sai na ga takarda mai sa hannu a allo ko na ji daga bakin wakilin aji, don na taɓa ganin wanda “an ce” ta sa ya kwana a ɗaki ana tes.

Saboda haka gobe idan za ku wuce ta gaban allon, ku kalli fastocin, sun yi kyau. Amma ku ɗan sunkuya ku karanta farar takardar nan ta ƙasa, ku ɗauki hotonta, ku tura wa wanda bai gani ba. Sai mun haɗu a ɗakin taro, da kuma bakin fili ranar da 'yan lantarki za su buga.