"Ka Tura wa Mutum Goma": Abubuwan Ban Mamaki Game da Saƙonnin Bogi

Takardar da ake cewa a kwafa a raba ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1935, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, wata wasiƙa ta ɓulla a birnin Denver ɗauke da sunayen mutum shida. Sharaɗinta shi ne ka aika wa na sama senti 10, ka goge sunansa, ka sa naka a ƙasa, sannan ka kwafa wa mutum biyar. An yi alkawarin wai dala 1,562.50 za su dawo maka. Gidan waya ya cika maƙil da ambulan, amma cikin 'yan makonni abin ya ruguje, domin lissafin ba ya taɓa fita. Idan kowa zai tura wa sababbin mutum goma, zagaye na goma kaɗai yana bukatar mutum biliyan 10, alhali mutanen duniya duka ba su wuce biliyan 8 da 'yan kai ba.

Mu ma muna da tamu. Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa cin karo da wasiyyar Shehu Ahmad ba, wanda aka ce mai hidima ne a masallacin Annabi (SAW) a Madina, wai ya yi mafarki an ba shi saƙo zuwa ga al'umma. Wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya yi watsi da ita musiba za ta same shi. Tun a ƙarni na 19 takardar ke yawo a ƙasashen Musulmi. Rashid Rida ya ƙaryata ta a mujallarsa ta Al-Manar a Masar, daga baya Shaihi Abdul'aziz bin Baz ya rubuta risala guda a kan ƙaryar da ke cikinta. Duk da haka ta tsallako daga rubutun hannu zuwa injin fotokwafi, yau ga ta a WhatsApp. Abin da ke sosa mini rai shi ne masu tura ta mutanen kirki ne masu neman lada, kuma da son Manzon Allah aka ja su zuwa yaɗa ƙarya a kansa.

Wani lokaci tushen labarin gaskiya ne, sai dai ya ƙi tsayawa. A 1989 wani yaro ɗan shekara 9 a Ingila, Craig Shergold, yana fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, aka roƙi jama'a su aiko masa da katin gaisuwa don ya shiga kundin bajinta na Guinness. Kafin shekara ta zagayo an aiko sama da miliyan 16. A 1991 wani attajirin Amurka, John Kluge, ya ɗauki nauyin yi masa tiyata a jihar Virginia, yaro ya warke. Wasiƙar roƙon kuwa ta ci gaba da yawo tana cewa ɗan yaro na bakin mutuwa. Katuna suka yi ta kwarara har aka ƙiyasta sun kai miliyan 350, gidan waya ya ware wa gidansu lambarsa ta musamman, iyalin suka yi ta roƙon a daina, a ƙarshe suka ƙaura. Craig ya rayu har 2020, cutar korona ce ta yi ajalinsa yana da shekara 40. Takardar ba ta ɗauke da kwanan wata, shi ya sa duk wanda ta faɗa hannunsa ya ɗauka jiya aka rubuta ta.

Rashin kwanan wata ne kuma ke raya labarin duniyar Mars. A ranar 27 ga Agusta 2003 ta matso kusa da tamu fiye da yadda ta taɓa yi cikin kusan shekara 60,000. Saƙon farko ya ce idan aka dube ta da na'urar hangen nesa za ta yi girman wata. A hanya batun na'urar ya zube, aka shafe shekaru duk Agusta ana cewa za a ga wata biyu a sama.

A 1994 an firgita masu imel cewa buɗe saƙo mai taken Good Times zai shafe duk abin da ke kwamfutarsu. Babu wata cutar kwamfuta irin wannan. Gargaɗin ne kawai ya yaɗu. A 2002 aka ce wa mutane su nemo wani fayil mai hoton ɗan beyar wasan yara su goge shi, kuma kowa ya duba sai ya gan shi, saboda da ma ɓangare ne na Windows. A 1997 ne aka fara cewa Bill Gates zai ba duk wanda ya tura wani saƙo dala 1,000, kuma wani ɗalibin jami'a a jihar Iowa ne ya rubuta shi da wasa. Haka batun cewa idan 'yan fashi suka tsare ka a ATM ka danna lambobin sirrinka a juye 'yan sanda za su zo: babu bankin da ke aiki da wannan, kuma dogaro da shi kan iya jefa mutum cikin haɗari.

A Najeriya, shekara uku kacal da zuwan wayar salula, a 2004, aka baza cewa akwai lambobin da ke kashe wanda ya amsa kiransu. Labarin ya dawo a 2011 da lamba 09141, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ce hakan ba ya yiwuwa. A Disamba 2016 jami'an kwastam a Legas suka kama buhu 102 na abin da aka kira shinkafar roba. Da NAFDAC ta gwada, babu roba a ciki. Shinkafa ce da ta gurɓace da ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fi ciwo shi ne na ruwan gishiri. A farkon Agusta 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, mutane suka tashi cikin dare ana ta kiransu a waya: ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha, kafin gari ya waye. Uwa ta kira ɗanta, ɗa ya kira surukai, wani ya ce daga wani basarake ne, wani ya ce daga likita ne, babu mai iya faɗin suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu suka mutu a sanadin haka, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Ebolar kanta, a faɗin ƙasar, mutum 8 ta kashe. Gaggawa ita ce babbar alamar irin wannan saƙo: yana so ka tura kafin ka tambaya.

Su kuwa 'yan damfarar 419, wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayani a 2012 kan dalilin da ya sa wasiƙunsu ke cike da ƙaryar da ta fito fili. Da gangan ne: mai wayo zai watsar tun a layin farko, wanda ya amsa kuwa shi ne ya cancanci a ɓata lokaci a kansa.

A Indiya ji-ta-ji-tar satar yara ta ci rayuka. An ɗauko bidiyon wayar da kai da aka shirya a Karachi ta Pakistan, aka yanke ƙarshensa inda ake nuna cewa shiri ne, aka watsa shi ta WhatsApp a matsayin sata ta gaske. A Yuli 2018 gungun mutane suka kashe baƙi biyar a wani ƙauye na jihar Maharashtra. Bayan haka ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a Indiya, a 2019 ya faɗaɗa dokar ga duniya duka. A Afrilu 2020 ya ƙara matsawa: saƙon da ya bi hannaye da yawa, mai alamar kibiya biyu a samansa, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi. Cikin makonni kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari.