Kafin Ka Danna Fomat

Ana saura mako uku ta miƙa kundin digirinta na biyu, 'yar yayata ta shigo gidana a Basawa bayan la'asar, riƙe da wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Kawu, estanal ɗina ya ƙi buɗewa." Babi huɗu na kundin suna ciki, da hirarrakin da ta naɗa da manoma a ƙauyukan Giwa, da hotunan aikin shekara biyu. Muka jona shi a laftof ɗina. 'Yar fitilarsa ta kama, sai Windows ta fito da saƙo wai sai an yi masa fomat kafin a iya amfani da shi. Hannunta har ya nufi wurin amincewa, na riƙe shi.

Irin wannan tashin hankali ba baƙo ba ne a yankinmu. Daga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, zuwa NARICT da NITT da ke ɓangaren Basawa, mutanen da dukiyarsu rubutu ce da alƙaluma sun yi yawa. Ƙara da masu ɗaukar hoton biki na Sabon Gari da masu tura finafinai a waya. Data na da tsada, intanet ba kullum take zama ba, shi ya sa kowa ke tara komai a estanal guda, ya jefa shi a jaka tare da makullai da caja, ya hau acaɓa. Ranar da ya tsaya, sai a ce a kai wa mai gyara. Abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa ba ciwon farko ke hallaka bayanan ba. Abin da mai shi da abokansa suka yi a awa biyun farko ne ke ƙarasa su.

Sai an san abin da ke cikin akwatin za a gane dalili. Robar da muke gani riga ce kawai. A ciki akwai had-dis irin na laftof, wanda ake kira mai inci 2.5, da ɗan ƙaramin fanel da ke haɗa shi da USB. Cikin had-dis ɗin kuma akwai faifai ɗaya ko biyu masu sheƙi kamar madubi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyi sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa guda. Wani siririn hannu mai allura a bakinsa yana kai da komo a kansu, yana rubutu yana karatu. Wanda ya san garmaho ya ga kamannin abin, sai dai allurar garmaho kan faifai take kwanciya, wannan kuwa ba ta taɓa shi. Iskar juyin faifan ce ke ɗauke da ita, a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Silin gashin mutum ya kai kaurin nanomita kusan 70,000. Ƙwayar ƙurar hunturu guda, irin wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta sauke mana a kan tebur, a wurin wannan allura dutsen Kufena ce. Saboda haka a rufe ake haɗa shi, kuma faɗuwa ɗaya daga kan gado yana cikin aiki ta isa allurar ta daki faifai ta kankare wurin. Tun had-dis na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai faifai 50 da hoton waya ɗaya ko biyu za su cika shi, fasalin nan bai canja ba, ƙanƙancewa kawai ya yi.

Washegari muka je wurin wani matashi mai gyaran kwamfuta a Samaru, wanda na daɗe ina kai wa aiki. Bai ko karɓi akwatin ba ya dube ta ya ce, "Malama, wanne kike so, estanal ɗin ko abin da ke ciki?" Ta ce abin da ke ciki mana. Ya ce to madalla, don hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Mai son akwati, fomat kawai za a yi masa ya tafi. Mai son bayanai kuwa, daga yanzu ba za a ƙara rubuta komai a kan faifan ba. Sannan ya yi mata tambayoyi irin na likita: ya faɗi? Ruwa ya taɓa shi? Wani ya riga ya sa masa hannu? Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ya taɓa zamewa daga tebur tana cikin kwafe aiki, amma ya ci gaba da yi har wata guda.

Daga waje ya fara, kuma haka ya kamata. Ya canja waya, don wayar estanal, musamman mai faffaɗan bakin nan, ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma bakin da take shiga yakan girgiɗe ya saki fanel. Ya canja rami, ya canja kwamfuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900, injin faifai kuwa ya fi jan wuta a lokacin tashi. Doguwar waya mai arha, ko ramukan gaban desktof, ko 'yar na'urar nan mai raba rami ɗaya gida huɗu, duk suna iya hana shi ƙoshi, sai ka ji yana ɗan ƙara yana son tashi ya kasa. Mutane da dama sun yi kukan asara alhali waya ce kawai ta gaji. Manyan estanal na kan tebur su kuma da cajarsu suke zuwa mai bolt 12. Idan aka yi kuskure aka jona musu cajar laftof mai bolt 19 don bakin ya yi daidai, wani ɗan mai gadi da ke kan fanel yakan ƙone don ya kare sauran. Wannan gyara ne da mai hannu a kan dalma zai iya, bayanan kuma suna nan lafiya.

Sai mai gyaran ya kara akwatin a kunnensa. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne arha, kuma kowa na iya yi a gida. Lafiyayyen faifai gunji yake yi a hankali, ba yankewa. Idan shiru ne ɗif, ko girgiza babu, a zargi wuta ko fanel. Idan kuwa ƙas-ƙas-ƙas yake yi, ya tsaya, ya sake, ko ana jin ƙarar gurza, to a zare shi nan take. Allura ce ta lalace ko ta kasa gane hanya, duk ƙarin juyi ƙarin kankara ne. Na ga masu barin sa a jone dare guda wai ko zai farfaɗo. Ba ya farfaɗowa.

Namu gunji yake yi lafiya lau. Mai gyaran ya buɗe Disk Management, sai ga shi ya bayyana da cikakken girmansa, amma an rubuta RAW a inda ya kamata a ga NTFS. Ya ce, "Malam, da sauran numfashi." Ma'anar wannan a wurina kamar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ne a ce kundin da ke nuna inda kowane littafi yake ya ɓace. Littattafan suna nan a kan kantocinsu, mai nema ne bai san inda zai dosa ba. Fizge waya ba tare da an sallami estanal daga kwamfuta ba, ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi a desktof, su ne suka fi yaga wannan kundi. Haka ma fayil ɗin da aka goge: sunansa aka cire daga kundin nan, shi yana nan har sai an ɗora wani a gurbinsa. Fomat na gaggawa sabon kundi yake shimfiɗawa fanko, ana iya ceto abubuwa da yawa bayansa. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina. Bayansa babu boka babu malam.

Akwai kuma wanda ba ciwo ba ne, tsoro ne kawai. Wanda ya saba kai estanal shagunan buga takardu ya san bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar inuwarta. Mai shi ya buɗe ya ga wayam, alhali ma'aunin yana nuna a cike yake. A kashe bairos ɗin, a fito da ɓoyayyun da umarnin attrib, an gama.

Kafin mai gyaran ya taɓa komai a cikin namu, sai da ya tambayi faifan lafiyarsa. Kowane had-dis na ajiye rahoton kansa da ake kira SMART, manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo na karanta shi. Layi biyu ya nuna mana: lamba 5, gurabun da suka mutu aka maye su da na ajiya, da lamba 197, gurabun da suka ƙi karantuwa ake jiran hukuncinsu. Duka biyun ba sifili ba ne, ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Faɗuwar nan ta wata guda ba ta tafi a banza ba. Injiniyoyin Google sun wallafa bincike a 2007 a kan had-dis sama da 100,000, suka gano cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken fuskar faifai ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma binciken ya kuma nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba sam. Wato idan SMART ya ce akwai matsala, a yarda da shi. Idan ya ce lafiya, kada a saki jiki.

A nan ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo chkdsk zai sakar masa, ko ya ɗora manhajar ceto kai tsaye ta yi ta haƙa a faifan da ke gargara. Shi chkdsk tsari yake gyarawa, abin da bai gane ba ya datse, ba ruwansa da babi na uku. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Mutumin namu cewa ya yi mu sayo sabon estanal da ya kai tsohon girma ko ya fi. Ya ɓare rigar robar, ya zare had-dis ɗin daga ɗan fanel na USB, ya jona shi kai tsaye a desktof mai Linux. (Ba kowanne ke ba da wannan dama ba. Wasu, irin My Passport na Western Digital, bakin USB a jikin fanel ɗin had-dis ɗin yake.) Sannan ya sa ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Dabararta ita ce ta fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ta tsallake masu ciwo, sai daga baya ta dawo musu a hankali. Tana kuma ajiye taswirar inda ta tsaya, don haka ko an ɗauke wuta, daga nan za ta ɗora. A garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwana biyu aikin ya ci, an ɗauke wuta sau uku.

A kan kwafin aka yi sauran aikin, tsohon kuwa aka naɗe shi aka ajiye. TestDisk, ta Bafaranshen nan Christophe Grenier, ta dawo da mafi yawan foldoji da sunayensu. Inda kundin da ke nuna wurin fayiloli ya yage ƙwarai, sai 'yar'uwarta PhotoRec ta bi faifan gurbi-gurbi tana tsinto fayiloli ta kamanninsu.

Da a ce ƙas-ƙas muka ji, da labarin ya sha bamban, kuma a nan nake son masu gyaranmu su riƙa faɗin gaskiya. Canja allura aiki ne na ɗaki mai tace iska, da kayan aiki na musamman, da wani had-dis iri ɗaya sak da za a ciri kayan jikinsa. Teburin da ke fuskantar titin PZ ko Kwangila, fanka na kaɗa ƙura, ba wurin buɗe murfin ƙarfen nan ba ne. Wanda ya ɗauko sukundireba ya ce bari ya leƙa ciki, karɓi kayanka. Sa shi a firiza da ake yaɗawa raɓa yake tara wa faifai. Bubbuga shi kuwa sai dai ya ƙara rauni. Ko canja fanel ba ya yi haka kawai, don kowane had-dis na da bayanan saitinsa a wani ɗan guntu da sai an ciro shi an liƙa a sabon fanel. Idan abin da ke ciki ya cancanci kuɗin ƙwararru, a nemi masu ɗakin a biya. Idan bai cancanta ba, a haƙura tun kafin a yi asara biyu.

Abu biyu na gefe. Estanal ɗin mutum sirrinsa ne, da hotunan iyali da takardun banki, don haka a san hannun da za a bar wa shi ya kwana. Sannan wajen sayen sabo, wanda aka rubuta 1TB ya nuna 931GB ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. Cutar ita ce akwati mai arhar banza da aka sa wa ɗan filash da ƙarfe don nauyi, yana karɓar kaya yana zubarwa ta baya. Manhajar H2testw na tona asirinsa, tana cika shi ta karanta ta gani.

Rana ta uku muka koma. Babi huɗun sun fito cif. Hirarraki biyu sun faɗa daidai inda allura ta kankare, ɗaya ta yanke a tsakiya, ɗaya ko buɗewa ba ta yi, dole ta sake komawa ƙauyen ta nemi manomin. Hotuna ɗaruruwa kuma sun dawo ba suna, sai harafin f da jerin lambobi. A shagon, kafin mu tashi, mai gyaran ya sa ta buɗe Google Drive, inda kowane mai adireshin Gmail ke da 15GB kyauta, ta tura kundin digirinta gaba ɗaya. Bai cika minti biyar ba. Ta tambaye shi ko tsohon zai ƙara amfani idan aka yi masa fomat. Ya ce zai ɗauki finafinai, amma shi ba zai ba shi ajiyar ko takardar haihuwa ba. Dare huɗu ta yi a falona tana buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana tuna wace gona ce wannan, tana sa musu suna.