Ciwon Sukari: Mun Iya Kiwon Bijimi, Saura Kiwon Kanmu

Duk mai sana'ar shanu, daga Maraɗi har Damagaram, in ka nuna masa bijimin turke zai gaya maka dusa nawa zai ci, harawa nawa, yaushe za a ba shi kanwa. Amma tambaye shi abin da ya zuba wa cikinsa tun safe, sai ya kama sosa ƙeya. To, ciwon sukari ya shigo cikinmu, har akwai abokin sana'armu da ɗan gyambo a yatsa ya kai ga an yanke masa ƙafa, ya bar kasuwa.

Mu dubi ranar kasuwa. Da asuba shayi zagaye uku, kowanne sukari har ƙasa. Da hantsi fura da nono, a ƙara sukari. In ciniki ya faɗa, dillali ya aika a kawo lemun kwalba mai sanyi. Da dare kuma shinkafa ko taliya tuli guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke ƙarawa a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Lemun gwangwani ɗaya kawai yana ɗauke da wajen giram 35. Wannan fa lissafin mai lafiya ne, balle mai ciwon.

Ba a ce mai ciwon sukari ya zauna da yunwa ba. Ya rage malmalar tuwo, ya ƙara miyar ganye, kuɓewa, zogale, rama da wake. Furarsa ya sha daidai, ba sukari. Kada wani ya ruɗe mu da zuma, ita ma tana tayar da sukarin jini. Wanda ke shan magani ko allura, kada ya bi mota zuwa Jibiya ko Illela ciki wayam. In ya ji rawar jiki da zufa, sukarin ne ya faɗi, dabino uku a aljihu za su taimake shi. Kowane dare kuma ya wanke ƙafafunsa ya duba su, ya bar tafiya ba takalmi cikin garke.

Wanda ke yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko yana rama ba dalili, ya je gidan likita da safe kafin ya karya. In awo ya nuna giram 1,26 a lita ko fiye har sau biyu, ciwon ne.

Abin da muka ji, mu kai shi gida, domin uwargida ke riƙe da tukunya. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Ya kamata kowane reshe ya gayyato ma'aikacin lafiya ya auna mu a kasuwa. Mu da ba mu sayen sa sai mun duba haƙoransa, ai bai dace mu bar jikinmu ba dubawa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.