Tsakanin Zango da coci: yadda ɗalibi Kirista daga Arewa ke koyon Faransanci a Kwatano

A jami'o'in Najeriya, ɗalibin da ke digiri a fannin Faransanci sai ya yi shekara guda, galibi ta uku, a wurin da zai kwana ya tashi da harshen a kunnensa. A da ƙasashen waje ake tura ɗalibai. Da kuɗin waje suka yi tsada, gwamnati ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Ajara da ke Badagry a shekarar 1991. Duk da haka har yanzu akwai masu tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano, inda cibiyar CEBELAE ta Jami'ar Abomey-Calavi ke koyar da baƙi, wasu kuma su zarce Lome. Da yake Najeriya da Benin duk suna cikin ƙungiyar CEDEAO, ɗalibi na iya shiga ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

Cikin masu wannan tafiya akwai rukunin da ba a cika maganarsa ba: matasa Kiristoci daga arewacin Najeriya waɗanda da Hausa suke addu'a. Mai karatu da ya taso a zangon Kwatano ko unguwar Briqueterie ta Yaounde zai iya yin mamaki, amma a Kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Gombe, har da ƙauyukan Kano da Katsina, da Hausa ake sujada ranar Lahadi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Allah suke cewa, kuma sunayensu su ne Bulus, Bitrus, Saratu, Rifkatu.

Wurin da irin wannan ɗalibi ke fara nema idan ya sauka shi ne Zango. A can zai yi canjin naira, ya ci tuwo, ya sami wanda zai nuna masa ɗakin haya. A can ne kuma zai koyi lissafin da ba a koyarwa a aji: a ƙasashen sefa dala ɗaya faranka 5 ce, don haka idan mai shayi ya ce "ashirin", faranka 100 yake nufi, jaka guda kuma 1,000. Hira na tafiya daidai har sai dattijo ya tambaya, "Ɗana, yaya sunanka?" Ya ce, "Bulus, Baba." Sai a ɗan yi shiru.

Shirun nan yawanci na mamaki ne. A zangunan bakin teku kalmar Bahaushe ta daɗe da zama kusan ɗaya da Musulmi, har ana kiran Bazabarme ko Badandi Bahaushe saboda addininsa da shigarsa. Wanda ya zo da Hausar Zariya tsantsa kuma ya ce coci zai je, ya rikita wannan lissafi. Wasu ɗalibai, don gudun tambayoyi, kan fake da sunan rana irin su Ladi ko Danjuma su yi gum. A ganina ba dabara ba ce. Ƙaramar unguwa ce, kafin wata ya ƙare an san inda kowa ke zuwa da safiyar Lahadi, kuma mutanen da suka yi shekaru suna karɓar baƙo sun fi jin zafin a ɓoye musu fiye da bambancin kansa.

Ranar Lahadi kuwa al'amarin juyewa yake yi. A coci addini ɗaya ne, amma harshe ya kuɓuce: ana wa'azi da Faransanci, ana fassarawa zuwa Fon ko Gun. Tun daga allon ƙofa ma ruɗani ke farawa. Furotesta masu Faransanci suna kiran sujada *culte*, kuma ɗan Najeriya da ya saba jin makamanciyar kalmar a Turanci da ma'anar ƙungiyar asiri yakan ja da baya. Katolika ba su da wannan matsala, *messe* suke cewa, kuma tsarin ibadarsu ɗaya ne ko'ina, wanda hakan ke sa ɗalibi Katolika ya fi saurin sabawa. Wanda ya fito daga ECWA zai iya neman cocin UEEB, domin mishan ɗin SIM ne ya haifi su biyun, sai dai ƙarfin UEEB ya fi yawa a arewacin Benin, wajen Parakou.

Hanya mafi sauƙi ita ce shiga ɗaya daga cikin coci-cocin 'yan Najeriya da ke Kwatano masu sujada da Turanci. Nan ne kuma shekarar ke lalacewa. Ɗalibin da ke Hausa a Zango, Turanci a coci, Turancin buroka a ɗaki da abokan kwana, Faransancinsa ya tsaya a awoyin aji. Da ya zauna a Badagry da ya fi masa araha.

Alhali cocin Faransanci aji ne na kyauta, kuma dalilin a bayyane yake. Abin da ya fi wahalar da sabon mai koyo shi ne sauraron maganar da bai san inda ta dosa ba. Ɗalibin da ya taso a makarantar Lahadi ya riga ya san labarin da ake karantawa, kalmomin kawai yake ɗorawa a kai. Cikin 'yan makonni zai gane cewa Pierre shi ne Bitrus, Jean Yohanna, *Psaumes* Zabura, *Genèse* Farawa. Lambobin Faransanci masu juya kai, irin 97 da ake faɗa a matsayin huɗu sau ashirin da goma sha bakwai, zai iya su dole, domin in ya yi jinkiri an wuce shi wajen buɗe waƙa ko sura. Zai kuma lura cewa ana ce wa Allah *tu*, yayin da malami da duk wani babba sai *vous*. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba ce wa mahaifinsa "kun tashi lafiya?"

Akwai tarko guda. Fassarar Louis Segond ta 1910, wadda Furotesta da yawa ke riƙe da ita, cike take da sigar aikatau da ake kira *passé simple*, wadda a rubutu kaɗai ake amfani da ita. Wanda ya kwaso ta ya yi wa ɗan zemijan ciniki da ita, dariya zai sha.

Kalandar hutu ma daban take. A Benin ana hutun ranar Hawan Yesu sama, da Litinin ɗin Fentikos, da 15 ga Agusta, da 1 ga Nuwamba, waɗanda babu su a Najeriya. Juma'ar tunawa da gicciye kuwa, wadda ya saba hutawa a gida, ranar aiki ce, ana iya sa jarrabawa a cikinta.

Wasu iyaye kan tambaya me ya sa ba za a tura yaro Nijar ba, tunda ta fi kusa. A Maraɗi da kewayenta akwai tsofaffin majami'un da ke sujada da Hausa, ga asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, don haka kewar gida ba za ta dame shi ba. Amma daidai wannan sauƙin ne ke rage masa Faransanci, domin kasuwa da tasha da coci duk Hausa ce. A watan Maris na 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

Sai batun takarda. A watan Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri cikin makonni shida. Wanda ya je don harshe ya kamata ya tabbatar jami'arsa ta gida ta amince da cibiyar kafin ya biya ko dala, sannan ya zauna jarrabawar DELF a cibiyar al'adun Faransa da ke Kwatano kafin ya koma. Matakin B2 shi ne wanda yawancin jami'o'in Faransa ke nema, kuma takardar ba ta da wa'adin ƙarewa.