Hoton Ƙwaƙwalwa da Bambance Cututtukan Makyarkyata

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi irin su makyarkyata da karkarwa da rawar jiki, sai dai dukkansu abin da ido ya gani suke bayyanawa, ba su faɗin musabbabi. Idan dattijo ya fara jan ƙafa, hannunsa yana rawa, akan ce tsufa ne, wani lokaci ma a danganta abin da iska ko sammu. A likitance kuwa, cututtuka da dama ne ke ɓuya a ƙarƙashin wannan kama guda. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hoton ƙwaƙwalwa ke taimakawa wajen rarrabe su, tare da duban halin da ake ciki a Abuja.

2.0 Cututtukan da Ke Kama da Juna

Mafi shahara ita ce cutar Fakinsin, wadda likitan Ingila James Parkinson ya siffanta a 1817. Tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. Akwai kuma cutar PSP, wadda aka siffanta a 1964, mai sa yawan faɗuwa ta baya da kasa kallon ƙasa, sai cutar MSA mai taɓa fitsari da saukar da bugun jini idan an miƙe tsaye. A farkon kamu, ko ƙwararre yakan ruɗe. Wani bincike da aka yi a Landan a 1992 ya duba ƙwaƙwalen mutum 100 da aka ce Fakinsin ce ta kama su, sai aka tarar 76 ne kaɗai suke da ita. Bambancin ba ƙarami ba ne: mai Fakinsin yakan ji daɗin maganin lebodofa shekara da shekaru, alhali masu sauran biyun ba su cika amfana da shi ba, kuma ciwonsu ya fi saurin tsananta.

3.0 Abin da Hoto Ke Nunawa

Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ita ce kan gaba. Abin mamaki shi ne hoton mai Fakinsin yakan fito kamar na mai lafiya. A mai PSP kuwa, tsakiyar kututturen ƙwaƙwalwa kan motse, har idan an dube shi ta gefe sai ya yi kama da ɗan tsuntsu mai dogon baki. A mai MSA, akan ga alamar gicciye a sashen da ke ƙasa da wannan, ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ita ma ta rame. To amma waɗannan alamu kan makara, don haka rashin ganinsu bai wanke majinyaci ba.

Akwai kuma hoton DaTscan, wanda Turai ta amince da shi a 2000, mai auna ƙarancin dofamin. Yana raba Fakinsin da rawar hannu ta gado, da kuma wadda magunguna irin su halofiridol ke jawowa, amma ba ya raba ta da PSP ko MSA, domin duk ukun dofamin ne ke raguwa.

4.0 Halin da Ake Ciki a Abuja

Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, yana da MRI, haka ma wasu cibiyoyi masu zaman kansu. Sai dai ƙarfin na'ura abin lura ne. Wani ƙidaya na 2018 ya sami na'urori 58 a Nijeriya, mafi yawansu masu ƙaramin maganaɗisu, waɗanda ba su fito da ƙananan sassa sarai. Shi kuwa sinadarin DaTscan, rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin awa 13, abin da ke sa shigo da shi daga waje ya yi wuya. Saboda haka likita yakan dogara da tarihin ciwo da gwajin lebodofa, ya nemi MRI idan majinyaci ya fara faɗuwa da wuri ko magani ya ƙi ci, sannan a sake hoton bayan wani lokaci idan na farko bai nuna komai ba.