Ƙadangare Mai Laima: Yadda Ake Gane Namiji da Mace

A ƙasarmu ba sai an koya wa yaro yadda zai gane namijin ƙadangare ba. Da zarar ya hango jan kai a kan katanga, ya san jangwada ne, domin macen ba ta da wannan ado. Amma jangwada yana da wani ɗan uwa a arewacin Ostareliya da kudancin tsibirin Niyu Gini wanda launi ba ya tona asirin jinsinsa. Shi ne ƙadangare mai laima.

An ba shi wannan suna ne saboda wata faffaɗar fata da ta kewaye wuyansa. Yawancin lokaci tana naɗe a kan kafaɗunsa. Idan ya tsorata, sai ya wage baki, fatar ta buɗe kamar laima, har ya zama abin tsoro ga mai neman cin sa. In barazanar ba ta yi amfani ba, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya ya ruga zuwa bishiya mafi kusa.

Namiji da mace duk suna da laima. Launinta kuma ya danganta ne da yankin da ƙadangaren ya fito. Na yammaci sukan zama ja ko ruwan lemo, na gabashi kuwa, wajen jihar Kwinslan, sun fi karkata ga ruwan ɗorawa ko fari-fari. Saboda haka wanda ya dogara da launi zai yi kuskure.

Abin da ya fi taimakawa shi ne girman jiki. Riƙaƙƙen namiji yakan kai kimanin santimita 85 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, kuma ya fi mace nauyi nesa ba kusa ba. Kansa ya fi faɗi, muƙamuƙinsa ya fi kauri, laimarsa ma ta fi girma. Wannan ba banza ba ne. Lokacin barbara, wato gab da faɗuwar damina, maza sukan yi faɗa a kan wuri da kuma mata. Sukan buɗe wa juna laima, su ciji juna, mai babban kai kuwa shi ya fi samun galaba. Mace ba ta da buƙatar irin wannan makami, shi ya sa kanta ƙarami ne, jikinta siriri.

Sai dai girma ma yana iya ruɗar mutum. Na Niyu Gini ba su kai na Ostareliya girma ba, kuma ƙaramin namiji yana kama da mace ƙwarai. Don haka masana sukan ɗaga wutsiya a hankali su duba gindinta. Namiji yana da gaɓoɓin haihuwa guda biyu a ɓoye a wurin, waɗanda kan fito kamar ƙananan tudu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Wurin a shafe yake a jikin mace. Wannan alama ita ce mafi inganci, ko da yake ba ta fitowa sosai sai ƙadangaren ya tasa.

Masu kiwonsa a gida ba sa wasa da wannan bincike. Idan aka haɗa maza biyu a keji ɗaya, faɗa ne zai biyo baya, har ɗaya ya ji rauni. Mace mai ƙwai kuwa tana buƙatar ƙasa mai danshi da za ta tona rami ta binne su, in ba ta samu ba, ƙwan yana iya maƙale mata a ciki.

A cikin wannan rami ne ma ake yanke wani ɓangare na hukuncin jinsi. Idan zafin ƙasa ya yi yawa ko ya yi ƙaranci, mata ne suka fi ƙyanƙyashewa. Idan kuwa ya zama matsakaici, sai a sami maza da mata.